DaVinci Resolve a shagona na Badariya: abin da ta yi mini kyauta, da inda sai an biya

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da tace shi. Shagon nawa ɗaki ɗaya ne a Badariya, cikin Birnin Kebbi: tebur, bencin masu jira, fankar da ba ta motsi sai an kawo wuta, da laftof ɗin da na saya na hannu, mai Core i7, RAM giga 16 da katin hoto na Nvidia mai giga 4. Da gangan na fara da lissafa kayan, domin duk wanda ya yaba maka manhajar tace bidiyo bai faɗa maka irin kwamfutar da yake aiki da ita ba, rabin labari ya ba ka. A kan wannan laftof ɗin nake aiki da DaVinci Resolve tun ƙarshen 2019. Abokan sana'a daga Jega da Argungu sun ishe ni da tambaya a waya, wai ko su ma su komo kanta. Bakina ya gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kafin ita, da wata manhaja nake aiki, irin wadda ake zuba maka a kasuwa bayan an fasa mata makulli. Na yi shekaru ina lallaɓa ta. Wani dare na manta na bar intanet a kunne, da safe na buɗe ta sai ta ce in kawo lasisi, kuma bikin kwana uku yana cikinta na kusa gamawa. Kafin hantsi sai ga uwar amarya a ƙofar shago. Ta ce, "Ɗan nan, ina bidiyon ɗiyata? Gobe dangin ango za su koma Yawuri, kuma da shi za su tafi." Na durƙusa na gaishe ta, na ce Hajiya a yi haƙuri zuwa la'asar. La'asar ɗin da ba ta zo ba sai bayan kwana biyu. Laifina ne, tunda kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ranar na yi alkawari ba zan sake ɗora abincina a kan kayan sata ba.

Resolve ta kamfanin Blackmagic Design ce, na ƙasar Ostireliya. A da, gyaran launi kawai ake yi da ita a manyan gidajen fim, kuma kuɗinta ba na irina ba ne. Kamfanin ya saye ta a 2009, ya yi ta ƙara mata sassa har ta zama wuri ɗaya da ake yanka, a gyara launi, a gyara sauti, a fitar. Iri biyu ce. Akwai ta kyauta, akwai Studio da ake saya dala 295, biya ɗaya ba na wata-wata ba. Ta kyautar ba ta da wa'adin kwanaki, ba ta manna tambarinta a kan aikinka muddin ba ka taɓa kayan da aka keɓe wa Studio ba, kuma tana fitar da bidiyo har 4K na talabijin, wato 3840 a 2160. Wanda ya taɓa neman katin banki da zai biya manhajar Premiere Pro da dala kowane wata ya san darajar wannan. Saukar da ita kan ci fiye da giga 2, don haka ka jira datar dare. Za su ce ka cike suna da gari da lambar waya, daga nan shi ke nan.

Satin farko na tsane ta, gaskiya. Na zuba bidiyon kamu, na danna ya tafi, sai hoto ya riƙa ɗingishi, amarya na tafiya kamar ana jan ta da igiya, fankar laftof na kuka. Na ce to, banza ta kori wofi ke nan. Sai daga baya na gane inda matsalar take. Kyamarorinmu da wayoyinmu suna ajiye bidiyo a tsarin H.264 ko H.265, wanda aka yi shi don ya matse fayil ya zama ƙarami. Ba kowane hoto yake ajiyewa cikakke ba: yakan ajiye ɗaya cikakke, sauran da ke biye sai ya rubuta bambancinsu da shi kawai. Wajen kallo babu laifi. Amma mai yanka yana tsalle gaba da baya, kuma duk tsallen da ya yi sai kwamfuta ta koma ta sake lissafo hoton daga tushe. Nan ƙarfinta yake ƙarewa.

Maganin shi ne furokzi, wato ƙaramin kwafin kowane bidiyo mai sauƙin buɗewa, da kake yanka a kansa, in an zo fitarwa manhajar ta koma kan na asali da kanta. Ka zaɓi dukkan bidiyon, ka danna dama, ka zaɓi Generate Proxy Media. A saitin aiki nakan sa girman ya zama rabi, tsarin kuma DNxHR LB. Yana ɗaukar lokaci, kuma yana cin wuri a hadis, wato ma'ajiyar kwamfuta, wannan ba a ɓoye ba. Abin da nake yi shi ne in na dawo daga wurin biki da dare, in kwafe katunan, in tayar da furokzi, in jona laftof a inbata, in tafi gida in kwanta. Da asuba na tarar an gama. Tun da na kama wannan ɗabi'ar, bidiyon 4K ma yana gudu a laftof ɗina kamar ruwa a gangare. Wanda ya tsallake wannan matakin ya ce manhajar nauyi gare ta, shi ya ɗora wa jakinsa kayan raƙumi.

Akwai kuskuren da na yi wanda nake so in tsare ku daga shi, domin ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Sabon aiki a Resolve yana buɗewa a firam 24, wato hoto 24 cikin kowace daƙiƙa. Mu kuwa a Najeriya 25 ko 50 ya kamata mu ɗauka, saboda wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma in saurin kyamara bai dace da ita ba, fitilun zauren biki sai su riƙa ƙyaftawa a hoto. Da zarar ka zuba bidiyo a cikin aikin, saitin firam ɗin ya kulle. In ka jefa bidiyon farko takan tambaye ka ko ta canza saitin ya dace da shi. Ni a lokacin ban karanta ba, na danna a'a. Na yanka walima guda a 24, kuma duk inda kyamara ta juya a hankali sai ka ga hoton yana ɗan tsalle. Masu bikin ba su lura ba. Ni kuwa har yau in na gan shi a wayar wani sai in kau da kai. Yanzu kafin in taɓa komai, saiti nake buɗewa in sa 25, kuma na ajiye shi ya zama shi ne na kullum.

Ɗauka a 50 tana da wani amfani. A bikin kamun kifi na Argungu na 2020 na tsaya a bakin Matan Fada lokacin da masunta suka ruga cikin ruwa da homa da gora. Abin ya wuce cikin ƙiftawar ido. Da na dawo, sai na danna dama a kan bidiyon, na shiga Clip Attributes, na mayar da 50 ta zama 25. Gudun ya ragu da rabi, sumul, kana ganin ruwa na tashi ɗigo-ɗigo a jikin mutane. Babu wani siddabaru da na sa. Tun daga nan, shigowar amarya da zubar kuɗin liƙi duk a 50 nake ɗaukarsu.

Bidiyon waya kuma nasa halin daban. Kullum sai an samu ƙawar amarya da za ta turo abin da ta ɗauka a ɗakin lalle, inda mu maza ba ma shiga, ta ce lallai a sa. Waya ba ta tsayawa a firam ɗaya, takan rage ko ta ƙara gwargwadon haske, shi ya sa in bidiyon ya yi tsawo sai baki ya rabu da murya. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, HandBrake, da nake fara bi da shi ta cikinta in daidaita shi a 25 tsayayye, sannan in shigo da shi. Ku kuma roƙe su su turo shi a matsayin fayil ta WhatsApp, kada su turo shi a matsayin bidiyo, domin in ba haka ba abin da zai iso gare ka ya riga ya dagargaje.

Manhajar tana da shafuka a jere a ƙasan allo, kowanne da aikinsa. Ni huɗu nake zama a cikinsu: Cut, Edit, Color da Deliver, sai Fairlight in sauti ya yi gardama.

Shafin Cut na daɗe ina raina shi, ina ganin na 'yan koyo ne. Ashe akwai abu ɗaya a cikinsa da ya fi mini komai a aikin biki. Ana kiransa Source Tape. Biki ɗaya yakan bar ni da guntaye ɗari uku ko fiye, kuma buɗe su ɗaya bayan ɗaya shi ke cinye yini. Wannan maɓallin yana jera su duka su zama kamar kaset ɗaya dogo, ka bi ta kai da gudu, inda ka ga abin so ka danna I a farkonsa, O a ƙarshensa, ka jefa shi layin aiki. Zaɓen farko da yake ɗaukar mini yini guda, yanzu tsakanin azahar da magariba na gama shi. Amma sai ka tsara manyan fayilolinka tun farko. Ni kowane biki ina raba shi kamar yadda ya gudana: sa lalle, kamu, ɗaurin aure, walima, kai amarya, sannan sauti daban, hotuna daban. Yadda na tsara a hadis haka nake jawo su cikin manhajar, kuma ba na sake canza wa fayil suna ko wuri bayan na shigo da shi. In ka canza, jan allo za ka gani yana ce maka bidiyon ya ɓata, sai ka bi ka nuna mata inda ya koma.

Gyaran tsanaki a shafin Edit nake yinsa, kuma a nan ne na ga bambancin mai aiki da linzami da mai aiki da maɓallai. Akwai yaron da ke koyo a wurina, ɗan ƙanwata ne. Watansa na farko komai da linzami yake yi: ya ɗauko reza, ya yanka, ya koma ya ɗauko kibiya, ya goge, ya jawo sauran ya rufe giɓin. Motsi biyar a kan yanka ɗaya, a aikin da ke da yanka ɗari biyar. Wata rana na cire linzamin na sa a aljihu na tafi masallaci. Na dawo na tarar ya kumbura. Ya ce, "Kawu, wanga aiki ba ya yiwuwa hakanan." Na ɗora masa yatsu uku a kan J da K da L. L gaba, J baya, K tsaya, in ka ƙara danna L gudun ya ninka. Ctrl da B yanka a inda kake. Shift da Backspace ya goge ya rufe giɓin lokaci ɗaya. Sai guda biyun da na fi ƙauna: Ctrl da Shift da [ yana datse guntun daga farkonsa zuwa inda ka tsaya, ɗan'uwansa ] kuma ya datse daga inda ka tsaya zuwa ƙarshensa, ba tare da ka yanka komai ba. M tana sa alama, N tana kunna ko kashe mannewar guntaye, Shift da Z ya nuna maka layin aikin gaba ɗaya. Iyakar abin da na koya masa ke nan a ranar. Yau ya fi ni sauri, har yana yi mini dariya in ya ga hannuna ya nufi linzami. Wanda ya saba da maɓallan Premiere Pro ko Final Cut Pro kuma, akwai inda zai zaɓi tsarinsu a cikin saitin maɓallai, ba sai ya sake haddar wasu ba.

Ɗaurin aure shi ne wurin da sauti ya fi hoto muhimmanci. Jama'a ta cika ƙofar gida, sanƙira na ta shela, kai kana can baya da kyamara, maganar waliyyai da liman kuwa a hankali ake yinta. In ba a ji sadaki da amsawar wakilin ango ba, bidiyon bai yi ba, ko da hoton ya kai na Indiya kyau. Ina da ƙaramar rikoda da nake roƙon a ajiye mini a kan tabarma kusa da malamai. In na dawo, sai in zaɓi bidiyon da sautin rikodar, in ce Auto Sync Audio ta hanyar zanen sauti, ta haɗa su da kanta. Mafi yawan lokuta tana dacewa. Inda take ruɗewa shi ne wurin dina, in kiɗan dije ya cika ko'ina yana maimaita kansa. A nan sai in koma dabarar da: in tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamarori kafin a fara, in daidaita da ido. Haka ma in mun ɗauka da kyamara biyu, takan haɗa su wuri ɗaya ina kallo ina danna 1 ko 2 kamar mai aiki a gidan talabijin.

Gurnanin janareto kuwa, a Fairlight nake rage shi. Ina yanke sautuka masu kauri da ke ƙasa da 80 ko 100 a ma'aunin sauti, in kuma akwai zizar wayar wuta sai in sa De-Hummer a kan 50. Yana taimakawa, amma kada a yaudari kai. Muryar da ta fashe tun wurin ɗauka saboda an ƙure lasifika, babu manhajar da za ta ɗinke ta.

Yanzu ga inda Resolve ta ci kuɗinta, in da tana karɓa. Launi. Aikinmu a nan yana da wata wahala da masu koyarwa a YouTube ba su cika magana a kai ba, domin ba irin ranarmu suke ɗauka ba, ba kuma irin fatarmu ba. Ango baƙi, ya sha farar shadda mai ƙyalli, an ɗaura aure bayan Juma'a, ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu. In ka buɗe kyamara don fuska ta fito, riga ta ƙone ta zama farin fili babu aikin wuya babu komai. In ka rufe don riga, fuska ta nutse a inuwar hula. Ni nakan ɗauka don riga, in zo in ceto fuska a shago. A shafin Color akwai ma'aunai da ke nuna haske daga 0 zuwa 1023. Duk abin da ya manne a saman 1023 ya tafi, ba ya dawowa, saboda haka tun a fili nake kiyaye shi. A shago sai in zana da'ira a kan fuska, in tausasa gefenta, in ɗaga haskenta kaɗan, in danna mai bibiya. Da'irar sai ta bi fuskar duk inda ta juya. Ranar da na fara ganin haka na yi ta maimaitawa kamar yaro ya samu sabon wasa.

Gyaran ana yinsa ne a cikin wasu ƙananan akwatuna da ake jerawa, kowanne da aikinsa, Alt da S ke ƙara sabo. Da farko sun ba ni tsoro. Yanzu uku nake amfani da su kusan kullum: na farko daidaita haske da fari, na biyu fata, na uku ɗan armashi. Amfanin rabawar shi ne in abu ya ɓaci ka san akwatin da za ka kashe. In na gama gyara guntu ɗaya, sai in zaɓi na gaba, in danna tsakiyar linzami a kan wanda na gyara, gyaran ya kwafu. A nan kam linzami ya halatta. Wuri ɗaya, haske ɗaya, guntaye arba'in, minti kaɗan. Lokacin hunturu, in ƙura ta rufe gari hoto ya yi fari-fari kamar an shafa masa toka, ina da gyaran da na ajiye tun bara a PowerGrade, wanda ke bina cikin kowane sabon aiki.

Sai maganar da ba ta ƙarewa: "Malam, a ƙara mini haske." Kusan kowace amarya sai ta faɗa, ko ta aiko a faɗa. Manhajar za ta iya, har ta wuce. Akwai ma'aunin launi mai layin da ke nuna inda fatar mutum ya kamata ta zauna, baƙi ne ko fari, kuma in ka matsa da yawa za ka ga ta sauka daga layin, mutum ya koma ruwan toka ko ruwan lemo. Nakan haska fuska daidai yadda za a ce an yi kwalliya an huta, in tsaya nan. Na taɓa biye wa wata har ƙarshe, da aka kunna a gidansu kakarta ta tambaya wace ce wannan. Ita da kanta ta dawo da filashin.

Rubutu yana da tarko ga mai Hausa. Ka zaɓi salon rubutu mai lanƙwasa, ka rubuta "Ɗaurin Aure", sai ka ga akwati a madadin Ɗ, ko harafin ya fito da wata kama daban da sauran. Matsalar salon rubutun ce, da yawansu ba a yi su da ɓ da ɗ da ƙ ba. Noto Sans da Andika suna da su, kuma kyauta ne. Wasu abokan aikina sun huta, D kawai suke sawa. Ni ba na iya kallon "Daurin Aure" a allo. Shafin Fusion kuma, inda ake yin rubutu mai tashi da walƙiya, ban cika shiga ba. Kamfanin da kansa ya ce mai son aiki da shi ya nemi RAM giga 32, ni kuwa rabin haka gare ni. In na sa irin waɗannan rubutun sai in kunna Render Cache, wato ma'ajiyar da manhajar ke shirya su a ciki kafin a kalla, in jira jan layin da ke saman aikin ya koma shuɗi. Ku riƙa share wannan ma'ajiyar in an gama aiki, tana cika hadis shiru-shiru.

Abu biyu game da ajiya, kuma duka biyun da zafi na koye su. Na farko, ka shiga Preferences ka tabbata Live Save a kunne take, tare da ajiyar kwafin aiki lokaci-lokaci. Batirin laftof ɗina ya daɗe da mutuwa, in an ɗauke wuta kuma inbata ta yi jinkirin karɓa, ɗif take yi. Da Live Save, duk yankan da na yi ya riga ya shiga, in na kunna sai in ci gaba daga inda na tsaya. Na biyu ya fi ciwo. Resolve ba ta ajiye aikinka a matsayin fayil kusa da bidiyonka kamar yadda muka saba. Tana da rumbunta a cikin kwamfutar. Ni ban sani ba. Na kai laftof gyara, aka ce sai an wanke ta, na ce a wanke, ai komai nawa yana hadis na waje. Bidiyon suna nan, amma yankan biki biyu da ban miƙa ba ya tafi. Mai gyara ba shi da laifi, ya tambaye ni har sau biyu. Yanzu kowace yamma Ctrl da E, in fitar da ƙaramin fayil mai ƙarewa da .drp, in ajiye shi a babban fayil ɗin bikin, in kuma tura wa kaina ta imel tunda ba shi da nauyi. In aiki ya ƙare gaba ɗaya, Export Project Archive yana tattara yankan da bidiyon wuri ɗaya.

Fitarwa ba ta da wuya. Abin da nake so a shafin Deliver shi ne layin jira: in shirya cikakken bidiyo na filashi, da gajere na minti uku, da na tsaye mai 1080 a 1920 don sitatus da TikTok, in jera su, in danna sau ɗaya, in tafi cin abinci. Kafin in kira mai biki, sai na tura guntu a wayata na kalla, domin a waya za a kalle shi, kuma allon laftof yakan yi ƙarya.

To Studio fa? Ban saya ba tukuna, amma na zauna a kanta a wurin wani abokina a Sakkwato da bidiyon kai amarya da na ɗauka da dare, fitila ɗaya ce a tsakar gidan, hoton duk ya yi yashi-yashi. Mai share wannan yashin a Studio yake, kuma abin da ya yi wa hoton ya sa na yi shiru. Haka mai ware murya daga hayaniya: ya ciro muryar wata tsohuwa tana yi wa amarya nasiha daga cikin guɗa da kukan janareto. Akwai kuma mai zagaye mutum da kansa ba sai ka zana ba, da mai gyara ƙyaftawar fitila. Masu sababbin kyamarori da ke ɗaukar 10-bit su ma su sani, ta kyautar a Windows ba kowane irin fayil ɗinsu take buɗewa ba. Lasisi ɗaya yana aiki a kwamfuta biyu, saboda haka ni da wani muna maganar haɗa kuɗi.

Ba kowa zan ce ya komo ba. Mai laftof ɗin RAM giga 4 ko 8 da babu katin hoto na daban, kada ya ɓata datarsa, wahala zai sha ya zage ni. Wanda aikinsa gajerun bidiyo ne na waya da rubutu mai tsalle, CapCut ta ishe shi, ta ma fi masa sauri. Manhajar ba ta da Hausa, littafin bayaninta kuma shafi dubbai ne, ko da yake kamfanin ya sa littattafan koyo kyauta a shafinsa, kuma na farkon ya isa mutum ya fara cin abinci. Amma mai ɗaukar biki, ko wa'azi, ko taron siyasa, ko mai shirin fim da ke da kwamfuta irin tawa ko wadda ta fi ta, ya ba ta sati biyu, da sharaɗin ya yi furokzi tun ranar farko.

Bayan babbar salla na tara abin da zai kai rabin kuɗin Studio, abokin haɗin nawa ma ya shirya. Sai batirin inbata ya fara sauka kafin ƙarfe ɗaya na dare, furokzi na tsayawa a tsakiya. Na kira shi na ce ya ƙara mini haƙuri zuwa bayan kaka, lokacin da aure ke yawa, na je kasuwa na sayo batir. Bidiyon dare kuma, kafin nan, na ƙara fitila ɗaya a jakata, yaron nan ne ke riƙe ta.